Ranar da injin feshin Kawu ya tashi sama

Shekarun baya, lokacin ina da 'yar rumfar gyaran babura da janareto a Funtua, wata cuta ta kama ni da abokina, cutar jirgin sama. Ba na shiga ba fa, irin ƙaramin nan da ake tuƙawa daga ƙasa da rimot. A waya muka gani, muka kalla, muka sake kallo har data ta ƙare. Shi abokin nawa mutumin Malumfashi ne, mai gyaran rediyo da talabijin, ga sanyin hali ga haƙuri. Ni kuwa, Allah na tuba, in abu bai tashi a bugu biyu ba sai na fara yi masa faɗa.

Gangar jirgin ba ta ba mu wahala ba. Farin soson nan da ake naɗo firji da shi, da katako mara nauyi, da gam, muka haɗa abinmu, fukafukansa sun fi tsawon mutum. Rimot ma abokina ya samo wani tsoho na gwanjo a Kano, mai doguwar eriya. Inji ne ya gagare mu. Mai amfani da batir, batirin nasa sai an yi oda, ga wutar caji sai ta ga dama. Akwai wasu ƙanana masu shan wani mai na daban, wanda ko sunansa masu gidan mai ba su taɓa ji ba. Mu na fetur muke so, tunda fetur ko a kwalba ka samu a bakin titi. Na shiga Kano, na shiga Kaduna. Wani mai shago ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Malam, injin jirgin wasa? Da girmanka?" Wani kuma ya ce sai dai daga ƙasar waje, wata uku ko huɗu, in ma ya iso.

Ana cikin haka kawuna, ƙanin mahaifiyata da ke noma a wajen Maska, ya kawo mini injin feshinsa in duba masa, irin wanda ake goyawa a baya. Ina kwance shi na ga ɗan injin da ke ciki, ƙarami, mara nauyi, mai shan fetur gauraye da baƙin mai. Wallahi nan take na ce ga injin jirginmu. Wutarsa ma daga jikinsa take, ba ruwansa da batir: wani faranti mai maganaɗisu ne ke juyawa ya ba kwayil wuta, kwayil ya tura wa fulogi.

Na yi ta kewaye-kewaye kafin na iya furtawa. Kawu ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Wato injina za ka jefa sama?"

Na ce, "Aro ne, Kawu. Yadda na karɓa haka zan mayar."

Ya shafa gemu. Sannan ya ce, "Ka san kafaɗata ba ta iya famfon hannu yanzu. Wakena saura kamar mako uku ya fara fure. In ya yi fure ba a fesa ba, tsutsa na noma wa. Ka ɗauka, amma kafin fure injina ya dawo."

Na rantse, na sake rantsewa. Da mahaifiyata ta ji sai cewa ta yi, "Kayan aro dai ba ya rufe katara." Na yi kamar ban ji ba.

Abokina ya so mu cire farantin nan saboda nauyi, mu sa ɗan akwatin wuta mai batir kamar yadda muka ga masu abin suna yi. Na ce ina, injin Kawu ba za a yi masa tiyata ba. Haka muka bar shi da kayansa har da igiyar tayarwa, muka ɗaura masa farfela, wato fankar da ke jan jirgin, muka ja sauran kaya baya don kada hancin jirgin ya rinjaya. Mako biyu cur muka ci a kan wannan aiki.

Ranar gwaji, wata Asabar ce da hantsi, muka tafi filin ƙwallon makarantar ƙauyen su Kawu. Ban san wanda ya baza labari ba, amma kafin mu sauke jirgin daga mota fili ya cika. Kawu ma ga shi nan a gindin darbejiya, ya zo da kujerarsa. Abokina ya ɗauki rimot ya taka har ƙarshen fili yana gwada ko saƙo na kaiwa daga nesa, jela da fukafukai suna motsi yadda yake so. Ni kuma na ja igiya. Inji ya yi tari ya mutu. Na sake ja, ya sake mutuwa. Wani daga cikin taro ya ce, "Jirgin dai azumi yake yi!" Aka kwashe da dariya, kunnuwana suka ɗau zafi.

To a nan ne na yi abin da kowane bakaniken babur a garin nan ya iya. Na fizge hular fulogin, robar nan da ke rufe kansa, na feƙe wayar da haƙori, na naɗa ta kai tsaye a kan fulogin, na jefa hular a aljihu. Sau nawa na yi wa 'yan acaɓa haka suka kai har Kafur suka dawo lafiya? Ja ɗaya, inji ya kama ruri. Na dubi mai maganar azumi na ɗaga masa gira.

Da abokina ya dawo sai ya tsaya yana kallon bayan jirgin. Fulogin yana ta ƙasa, bai ga aikina ba. Ya ce, "Mutumina, me ya sa jelar nan take rawa? Ban taɓa komai ba fa."

Na ce, "Girgizar inji ce kawai. Haba Malam, jama'a na jira!"

Muka sake shi. Ya yi gudu a kan ciyawa, ya ɗaga hanci, sai ga shi a sama. Jama'a, ya tashi! Aka ɗau kabbara, har Kawu ya miƙe tsaye. Ban taɓa jin daɗi irin na wannan ɗan lokaci ba, kuma bai fi a ƙirga ashirin ba. Yana yin nisa ya fara karkata hagu, ya dawo dama, ya miƙe sama kamar mai aljanu. Abokina yana ta murɗa rimot yana cewa, "Ba ya ji na! Wallahi ba ya ji na!" Jirgi ya wuce gonar dawa, ya juyo da kai ƙasa, ya nutse cikin fadamar shinkafa, caɓal.

Na riga kowa isa. Hancin ya shige taɓo gaba ɗaya, farfela ta karye, fiffike ɗaya na can gefe. Ni ba ta jirgin nake ba. Da hannu na tono injin Kawu, baƙi ƙirin, ruwa na zuba daga bakin kabureta. Abokina ya goge kan injin da gefen riga, ya ga wayar a naɗe tsirara. Ya ɗago a hankali ya ce, "Ina hular?"

Na sa hannu a aljihu na miƙa masa.

Bai yi faɗa ba, da ma ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya ce, "Ka taɓa jin rediyo na ƙar-ƙar-ƙar in wani babur ya wuce? To irin aikinku ne. Cikin hular nan akwai ɗan abin da ke danne hayaniyar tartsatsi. Ka cire shi, tartsatsin fulogi ya toshe wa jirgin kunne, ya daina jin rimot."

Kawu ya iso yana dafa sanda. Ya dubi injin, ya dube ni, ya ce, "Jiya na ga fure biyu a gona." Ya juya ya tafi abinsa. Wannan magana ta fi mari zafi.

Kwana biyu na rufe rumfa. Na warware injin kaf, na wanke kowane ƙarfe da fetur, na busa kabureta, na shanya kwayil a rana, na sa sabuwar hula. Ranar farko ko tari bai yi ba, na kasa cin abinci. Rana ta biyu bayan la'asar ya yi tari sau ɗaya, ya yi shiru, sannan ya kama. Na zauna a ƙasa daɓas ina ta alhamdu lillahi, maƙwabcina mai faci yana tambayar ko lafiya.

Washegari da sassafe na kai shi. Ban bari Kawu ya goya ba, ni na goya na fesa gonar tun daga wannan kunya har waccan, haka kuma na yi a feshi na biyu da na uku. Wake ya yi kyau a shekarar, har rabon gidanmu aka aiko.

Sabo turken wawa, in ji masu iya magana. Dabarar da ta ciyar da ni shekara da shekaru ita ce ta kusa cinye waken Kawu, don ban taɓa tambayar me ke cikin robar da nake jefarwa ba. Yanzu ko ɗan acaɓa ya ce in naɗa masa wayar fulogi ya wuce, sai in ce ya je gaba. Daga baya mun gina wani jirgin, mun tashe shi sau da dama ya sauka lafiya, kuma har yau in na tuna abin dariya yake ba ni.

Amma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne bayan an gama girbi. Ina rumfa sai ga Kawu a bayan babur, rungume da injin feshin. Na ɗauka lalacewa ya yi, na miƙe zan karɓa. Ya ajiye shi a gabana ya ce, "Feshi ya ƙare, sai baɗi. Duk yankinmu babu wanda injinsa ya taɓa tashi sama sai ni, kuma mutanen Mahuta sun ce ƙarya nake yi. Ku gyara abinku, ranar da za a tashe shi ku faɗa mini in gayyato su."