Kofin Farko Da Ban Zubar Ba

Ni mutumin Damagaram ne. Kafin in lalace, ba a san ni da komai ba sai tuƙi da salla a kan lokaci. Na zo Faransa da ƙuruciyata, kawuna ya samo mini aikin direba a wani gidan burodi a Vaulx-en-Velin, kusa da birnin Lyon. Mu huɗu ne a ɗaki ɗaya, ranar Lahadi mu dafa shinkafa da wake mu yi ta hirar gida. Ban sake jin daɗin rayuwa kamar lokacin ba.

Duk ranar Talata nakan ja kamiyo, wato motar kaya, zuwa wani ƙauye a cikin duwatsun bayan Lyon, in ɗauko garin wani hatsi da suke kira segil, wanda ake baƙin burodi da shi. Mai injin niƙan wani tsoho ne, Mushe Andire, wato Malam Andire a bakin Faransawa. Yana sona ƙwarai. Yakan ba ni cuku da tuffa, mu zauna yana ba ni labarin kakanninsa da suka sare dajin suka kafa garin. A rumbunsa akwai wata tukunyar jan ƙarfe mai dogon bututu a murɗe. Ya ce da ita kakansa yake dafa wiski da segil, zamanin da babu hanya babu kanti, kowane gida shi ke yin abin shansa na lokacin sanyi. Shi ya daɗe da dainawa, doka ta hana. Don nishaɗi kawai ya kwatanta mini yadda ake jiƙa hatsin ya yi tsami, a ɗora a wuta, tururi ya bi bututu ya ɗigo.

"Kofin farko zubarwa ake yi," in ji shi. "Guba ne, yana kashe ido."

Na yi dariya, na ce ni Musulmi ne, ina ruwana.

Da tsohon ya rasu, 'yarsa ta roƙe ni in kwashe tarkacen rumbun in zubar. Na kwashe, amma tukunyar na ɓoye ta a wani gareji, na ce don tunawa da shi ne. Bayan wata biyu na gwada dafa wiskin, in ga ko na riƙe karatun. Wani maƙwabci ya ɗanɗana ya yaba, ya kawo abokinsa. Ban taɓa kai ta bakina ba, da wannan nake rarrashin zuciyata. Kafin shekara na bar aikin burodi, ina ɗura ta a kwalaben kanti, ina liƙa takardun jabu, ina kai ta Barbès, wata unguwa a babban birnin ƙasar, a cikin kwalayen tufafi. Kawu ya tambaye ni me nake yi yanzu, na ce kasuwanci, ya sa mini albarka.

Da masu saye suka yi yawa, sai na fara ganin asara ce zubar da kofin farko. Na riƙa juye shi cikin sauran.

Akwai wani tela a Barbès, Isufu, mutumin Garwa, wanda ya taɓa ɗinka mini rigar salla. Ban san yana sha a ɓoye ba. Wata safiya ya tashi yana tambayar matarsa me ya sa ba ta buɗe taga ba, alhali rana ta cika ɗakin. Daga asibiti 'yan sanda suka bi sawun kwalbar har garejina.

Shekara huɗu na yi a kaso. Kawu ya zo sau ɗaya, bai zage ni ba. Ya dai tambaye ni, "Ranar da na sa maka albarka, ka riga ka fara?" Na ce e. Ya tashi ya tafi.

Da na fito, na nemi gidan Isufu a unguwar La Courneuve. Na same shi zaune kusa da kekensa na ɗinki, an lulluɓe keken da zane. Ina yin sallama ya gane muryata. Na durƙusa na roƙe shi gafara.

"Na yafe maka, ni ma da ƙafata na je," in ji shi. "Amma kada ka sake zuwa, yarana sun san sunanka."

Samari, ba yunwa ce ta kai ni ba, ba kuma wanda ya tilasta ni. Da gwaji na fara. Idan kana sana'ar da ba za ka iya faɗin sunanta a gaban iyayenka ba, ka bar ta yau. Na tuba, ina fatan Allah ya karɓa. Amma ni na gama kasona na fito, Isufu har yanzu yana cikin nasa.