Saitin Inna a Haɓar Zaninta

Ta buɗe! Wallahi ta buɗe! Jiya da hantsi Inna ta soka fulas ɗinta, ɗan abin ajiye fayil ɗin nan, a laftof, maɓallanta suka fito reras yadda ta san su, ta danna koren da kanta ba ta kira kowa ba. Na yi tsalle har na kifar da kwanon koko. Amma tun lokacin na kasa zama waje ɗaya, don wanda ya kamata in fara kira shekararsa huɗu ke nan a ƙasa. Yayana Habibu, Allah ya jiƙansa.

Yaya gyaran waya yake yi a Kunci. Shi ya haɗa wa Inna wata 'yar manhaja da ke buɗe sauran manhajoji, tunda ba ta karanta boko: manyan maɓallai ne kawai masu launi. Kore karatun Alƙur'ani, ja kiran Anti a Gezawa, shuɗi hotunan gida. Inna wuri take ganewa, ba rubutu ba. Wani ɗan fayil ne ke riƙe da tsarin, wane maɓalli ne a sama, me yake buɗewa. A kan inda fayil ɗin nan zai zauna muka yi ta musu ni da shi, lokacin ina sakandare ina ji da kaina.

Na ce a sa shi a foldar kowane mai amfani, kowa da nasa. Ya ce a'a, gefen manhajar zai zauna, guda ɗaya, nesa da inda ake gogewa. "Ke Auta, ba ki san mutanenmu ba? Kwamfuta ta yi tari sau ɗaya, sai a ce a kai ta a yi mata fomat." Na ce shi ɗan gargajiya ne. Ya ce ni 'yar gayun birni ce da ko Dawanau ban wuce ba.

Ba mu gama musun ba ya tafi.

Abin haushin, ni da shi kowa ya ci rabi ya faɗi rabi. Tsarin Yaya aka fara bi, fayil ɗaya na kowa da kowa, sai Baba ya gano yadda ake jan maɓalli, ya ɗaga na farashin wake zuwa sama. Inna ta danna wurin karatu, sai ga lissafin buhuna. Da na shiga jami'a na sake rubuta manhajar shaf-shaf, na mai da saitin foldar kowa, ina taƙama. Ina komawa makaranta laftof ta fara nauyi, Baba ya kai ta kasuwa, fomat! Komai fes. Inna ta daina taɓa ta gaba ɗaya. Shuɗin nan kuwa shi ne hanyarta ɗaya tilo ta ganin fuskar ɗanta ba tare da ta roƙi wani ba.

'Yan ajinmu suka ce in ɗora saitin da hotunan a intanet kawai. Da wane netwok, gayu? Wanda sai an hau katanga?

A hutun nan ina ta ƙorafi a tsakar gida, Inna tana zaɓen zangarniyar geron da za ta rataye a ɗakinta. Ba ta ko kalle ni ba ta ce, "Iri ai ba a rumbu yake kwana ba, a ɗakin mai shi yake." Shi ke nan! Yanzu cikin fulas manhajar take fara neman saiti, in babu sannan ta koma folda. Saitin Inna da hotunan, da na sake tattarowa daga wayar Anti, suna cikin fulas, fulas yana ƙulle a haɓar zaninta. A yi ta fomat har Mahadi ya bayyana.

Me Yaya zai ce? Na san zai ce shi ya ci, ni ma in ce ƙarya ne, mu yi ta yi har Inna ta kore mu. In kiɗa ya canza rawa ma sai ta canza, amma tambayarsa tana nan daram: wa zai taɓa na'urar nan bayan ka juya baya? Ita ce gadona. Musun ne dai babu mai ƙarasa min shi.

Don Allah ku tura wa duk wanda ya san Habibu ya yi masa addu'a. Ku tura wa masu gyara kuma: kafin ku danna fomat, ku tambaya ko akwai wata Inna a gidan.