Abin da na gani a wankan Yaya

A gidanmu na unguwar Komah, a garin Sokode, ni ne mai wankan gawa. Ba sana'ata ba ce. Fataucin goro da albasa na yi, na ga Kumasi, na ga Wagadugu, na ga Kano. Amma tun da na yi wa mahaifinmu wanka, duk namijin da ya rasu a dangi sai a ce a kira ni. Ka'idar da na koya guda ce: abin da ka gani a jikin mamaci, ka rufe shi tare da likkafani.

Mahaifinmu bai kai hamsin ba. Ya rame har zobe ya daina zama a yatsarsa, cikinsa kuma ya kumbura, yana zubar da jini ta ƙasa. Aka ce basir ne, aka yi ta dafa saiwoyi. Shekaru bayan haka na wanke yayana, na ga irin wannan rama, irin wannan ciki. Na ɗaure masa haɓa, na yi shiru. A wajen ta'aziyya aka ce ciwon ajali ne, kowa ya shafa fatiha. Maƙwabtanmu 'yan ƙabilar Moba a arewa, in mutum ya mutu sukan nemi sanin dalili. Mu kuwa tambayar ma rashin kunya ce.

Yaya ya bar ɗa namiji guda, direban kamiyo, wato babbar motar kaya, yana zaune a garin Dapaong. Bara na je wajensa da nufin kwana biyu. Na lura wandonsa ya yi masa yawa, ya ƙara huda bel. A bakin ƙofa ga galan cike da jiƙo.

Na ce, "Wannan fa, ko man kamiyo ka koma sha?"

Ya yi dariya. "Baffa, basir ne. Wane direba ne ba shi da basir? Zaman kujera ne."

"Da jini?"

Ya kalli matarsa da ke tankaɗe can gefe, ya rage murya. "Kaɗan."

Na matsa masa har muka je asibiti, da hujjar ƙafata ce ke ciwo, ya raka ni. Likitar mace ce, ba ta jin Hausa, shi kuma Faransancinsa na kan hanya ne, na gaisawa da jandarma. Ni na zama tafinta, na bar zancen ƙafa na kawo nasa ciwon. Ta tambaye shi tun yaushe, ya faɗa. Ta danna cikinsa. Sannan ta ce in tambaye shi ko a danginsa akwai wanda ya yi irin wannan ciwo.

Ya ce, "Babu. Babana ciwon ajali ya yi."

Ta jira in fassara, biro a hannu. Na san in na ce babu, za ta rubuta maganin basir mu tafi. Na kuma san in na yi magana, na yaye zanen da na rufa wa mutum biyu da hannuna. Na tuna wanda ya koya mini wanka yana cewa a rufe aibin mamaci. Na tambayi kaina, shin ciwo aibi ne? Yaya bai saci ciwon nan ba.

Na faɗa mata da Faransanci: uban wannan, da kakansa, rama, kumburi, jini, dukansu kafin tsufa. Ta ajiye biro. Ta ce akwai ciwon daji na babban hanji da ke bin jini a wasu gidaje, kamar yadda tsawo ko wushirya ke bi. Ba kowane ɗa ke gadonsa ba, kuma ba ta ce shi ne ba. Amma da wannan labari ba za ta bar shi da jiƙo ba. Sai ya je Lome a duba cikin hanjin da na'ura. In tsiro ne ƙarami, ana cire shi tun bai zama wani abu ba.

Sai da na maimaita masa da Hausa, kalma kalma, har abin da na gani a jikin ubansa. Muna fitowa tsakar asibiti ya juyo gare ni.

"Baffa, shekara nawa kana riƙe da wannan?"

"Tun kana ɗan makaranta a lakwal."

"Da na mutu fa? Ka wanke ni, ka sake yin shiru?"

Ya hau babur, bai ce in hau ba. Na taka da ƙafar da na ce tana ciwo, har gida.

Washegari da safe na tarar ya zubar da galan a kwata, matarsa na haɗa masa jaka. Ya ce, "Ka shirya. In za a zura mini abin nan, kai ma sai an zura maka. Jinin ai ɗaya ne."

"Tsoho kamar ni?"

"Tsohon da ya iya ƙaryar ciwon ƙafa."

A Lome ba a sami kome a nawa ba. A nasa an sami tsiro da ya fara girma, aka yi masa aiki, ya sha jinya wata da watanni. Yanzu ya koma tuƙi, ko da yake bel ɗin bai koma huda ta da ba. Ranar da aka sallame shi ya ce in biya unguwar Kpangalam, inda ƙannensa mata biyu ke aure, in faɗa musu da bakina. Na je. Babbar ta rufe fuska da mayafi tana jin kunyata, ƙaramar ta ɗauko takarda ta ce in faɗi sunan gwajin a hankali.