Ludayin Kawu Manzo

Duk wanda ya san Kawu Manzo a Bande ya san ludayin da ba ya rabuwa da aljihunsa, da tambayar da yake yi kafin ya sa hannu a kowane akushi: "Wa ya yanka?" Abin takaici, ko sadakar arba'in ba a yi masa ba, wasu suna yaɗa cewa ya ci naman alade a Danmak, wai kunya ce ta sa ya jefar da ludayin. Ƙarya ce! Ni, ɗan ƙanwarsa da ya yi lakwal, wato makarantar boko, ni na yi masa tafinta, kuma na rubuta komai.

Bayan farin da ya cinye dabbobi, Turawan wani furoje na taimakon makiyaya suka kai shi Danmak ganin kiwo, a matsayinsa na shugaban kwaferatif, wato ƙungiyar makiyayan garinmu. Tsibirai uku muka ziyarta, ba bakwai ba kamar yadda ake zuzutawa.

A jirgin ruwa ya ƙi zama.

"Ɗan lakwal, gaya wa matuƙin nan ya bi ta tudu."

"Kawu, babu tudu."

"To me ya kawo mutane nan? Korarsu aka yi?"

A tsibirin farko aka kawo baƙin burodi, an ɗora masa ɗanyen kifi da aka jiƙa da ruwan tsami.

"Wa ya yanka?"

"Kifi ne, Kawu."

"To wa ya dafa?"

"Ba kowa."

"Subhanallahi! Itace ne ya ƙare musu?"

A na biyu aka kawo aladen. Da na faɗa masa, ya ja kujerarsa har bakin ƙofa, ya yini a kan dankali. Gaskiya ta tilasta mini in ƙara cewa ni na ci kifin nan, sau biyu; alade kuwa babu wanda ya taɓa a cikinmu.

A na uku wata tsohuwa ta kawo kwanon nono mai sanyi, an sa sukari, an marmasa biskit a kai. Kawu ya shinshina, ya ɗanɗana, ransa ya ɓaci.

"Nono kamar na Fulanin Mallawa, a ɓata shi da biskit! Waɗannan ne za su koya mana kiwo, ko gero ba su da shi?"

Ya kwance garin furar da ya yi guzuri, ya dama da ludayinsa, ya miƙa mata. Ta sha har ta kankare kwanon.

"Me ta ce?"

"Ta ce a ƙara."

"Baiwar Allah! Shekara saba'in ba fura!"

Shekarunta ban tabbatar ba. Abin da na tabbatar shi ne ya bar mata sauran garin, ya ɗora ludayin a kai, ya ce cokalin ƙarfe ba ya dama fura. Can ludayin yake, kuma bai sake yin wani ba har ya rasu.

Allah ya jiƙan Kawu. Yadda ya shayar da baƙuwa a gidanta, Allah ya shayar da shi ruwan Alkausara.