Bishiyar da Baffa Yake Gadi

Yau na ga abin nan mai kama da laimar kwaɗi ya ƙara yawa a jikin bishiyar farfajiyarmu a Danau Kota, sai na tuna Baffa. Lokacin da ya zo jinya, ya ƙwanƙwasa ta da sandarsa, ta yi ƙara kamar ganga. Ya ce, "Ɗana, cikinta ya ruɓe, wata rana za ta faɗo." Masu kula da gidan ba su sare ta ba. Kullum da la'asar yakan zauna gefe yana tari, yana korar yara daga inuwarta, har suka tsane shi. Yanzu ba mai korarsu. Allah ya jiƙansa, ya sa ranar da za ta faɗi ba kowa a ƙarƙashinta.