Katin Waifai na Kwamfutar Baba Yohanna

Ranar Alhamis ɗin nan ba za ta fita daga raina ba, ko da zan shekara talatin a wannan aiki. Mako uku ke nan, amma har yanzu in aka dawo da wuta ina tsaye gaban buɗaɗɗiyar kwamfuta, sai na janye hannuna da sauri. Ku da kuka fara koyon aiki a shagon nan, gara ku ji daga bakina.

Shekarata biyu a shagon Oga Bulus, nan Kafanchan, tun da na gama sakandare. Ranar ya tafi Kaduna sayo kaya, ya bar mini makulli. Wajen ƙarfe goma wani dattijo ya sauka daga mashin, rungume da kwamfutar tebur da aka naɗe da zanen gado saboda yayyafi. Baba Yohanna ne, tsohon hedimasta daga Kagoro. Tun da ya yi ritaya yake mayar da waƙoƙin sujada zuwa yarensu, yana buga su ɗaya bayan ɗaya a wannan kwamfuta, ikkilisiyarsu na jiran littafin. 'Yarsa ta kawo masa ƙaramar na'urar intanet ta gida don ya riƙa tura mata aikin, amma kwamfutar ba ta da abin da za ta kama waifai da shi.

"Na sayi abin kama waifai na sokawa ta waje har sau biyu, jikoki sun karya," in ji shi. "Ki sa mini na ciki, yarinya na, wanda hannu ba ya kaiwa."

Katin waifai na ciki ba a sayensa da ka. Na kwance murfin gefe na duba. Kwamfutar irin siririyar nan ce ta gwanjo, kuma ramin da ya rage a babban allonta, wato madabod, gajere ne. Na karyo tsinken tsintsiya daidai tsayin ƙarfen bayan da kati zai zauna a kai, na sa a aljihu. Na tambaye shi inda na'urar take a gida, ya ce a falo, bango ɗaya ne tsakaninsu. Na kuma lura tsarin da ke kan kwamfutar tsoho ne, don haka dole katin ya zo da faifan direbansa, wato manhajar da ke sa kwamfuta ta gane shi. Kwamfutar da ba ta da intanet ba za ta iya sauko da direba daga intanet ba.

Baba ya ce ƙafarsa ƙafata, muka tafi kasuwa wurin Alhaji Sani mai kayan kwamfuta.

"Injiniya ce da kanta yau?" in ji Alhaji. "Ina maigidan naki, ya gudu ya bar miki gari?"

Ya fito da kati uku. Nan take Baba ya ɗauki mai eriya uku, dogaye kamar ƙahonni.

"Wannan ne. Wannan zai jawo netwok ko daga bayan dutse."

Na ce, "Baba, kati ba ya jawo netwok daga waje. Da na'urar falonka kawai yake magana, bango ɗaya kuma ba ya bukatar ƙaho uku."

Na fito da tsinkena na gwada. Ƙarfen katin ya fi shi da yatsa biyu, murfi ba zai rufu ba. Na biyun tsohon yayi ne, haƙoransa ba za su shiga raminmu ba. Na ukun ƙarami ne mai eriya biyu, da gajeren ƙarfe na canji a cikin kwalinsa, ga faifai. Baba ya juya shi a hannu, fuskarsa ba ta gamsu ba.

Alhaji ya ce, "Baba, bi maganarta. Ni ciniki nake nema, amma ba na son kayan da zai kwana ya dawo mini."

A wannan zaɓi ban yi kuskure ko ɗaya ba, har gobe shi zan sake zaɓa. A shago ne na yi ɓarnar.

Da muka dawo na jona kwamfutar, na sa faifai, na ɗora direba. Ina gamawa aka ɗauke wuta. Kun san layinmu: in ta tafi da rana, sai yamma. Shi ya sa lokacin ne kowa ke buɗe ciki ya yi aikin hannu, ba mai damuwa da zare waya daga bango. Haka na ga Oga yana yi, haka na koya. Na kwance murfi, na zura katin a raminsa, na ɗauko sukudireba zan ɗaure shi.

Ko minti goma ba a yi ba wuta ta dawo. Ashe kwamfutar irin wadda aka saita ce ta tashi da kanta in ta ji wuta. Fanka ta juya a ƙarƙashin hannuna, na firgita, sukudireba ta suɓuce ta faɗa kan madabod. Na ga tartsatsi shuɗi, na ji ƙara tas, sai warin ƙonewa. Na danna maɓalli, shiru. Na sake dannawa, shiru.

Baba na zaune a benci, shi ma ya ji warin. Sai a lokacin na yi tambayar da ya kamata in fara da ita tun safe.

"Baba, waƙoƙin nan, akwai su a wani wuri?"

"Takardun da na rubuta da hannu gara ta cinye tun bara. A nan ne kawai."

Raina ya ce in ɗora wa wuta laifi, ba wanda zai musa. Amma na ce, "Baba, ban zare waya ba. Laifina ne. Ka ba ni minti ashirin in ga abin da ya tsira."

Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya cire hularsa, ya fita ya tsaya a baranda yana kallon ruwan sama.

Na zare wayar. Na yi gajeriyar addu'a. Sannan na ciro faifan ajiya, inda duk aikin kwamfuta ke zama, na jona shi a ta shago. Ya yi ƙara ƙasa-ƙasa, allo bai nuna komai ba. Na ƙirga har arba'in. Sai ga shi ya fito.

Na kira Baba. Ya sa tabarau, ya ce in buɗe ta ƙarshe, wadda ya buga ran Litinin. Ya bi layukan da yatsa har ƙasa, leɓɓansa na motsi.

"Yana nan," ya ce. Ya juyo ya dube ni. "Ki sha ruwa, yarinya na. Kin fi ni tsufa yanzu."

Kafin in sha ruwan sai da na kwafe komai a filash biyu, na ba shi ɗaya a hannu.

Madabod dai ta ƙone. Washegari Oga ya dawo, na gaya masa komai. Ya ciro wata irinta daga cikin tsofaffin da muke ajiyewa, ya ce ni zan haɗa. Na haɗa, katin ya zauna daram, murfi ya rufu, ya kama waifai ɗin wayata tun daga bakin titi. Ran Asabar Baba ya tura wa 'yarsa aikin daga ɗakinsa.

Na yi tambayoyi masu kyau a kan rami da ƙarfe da direba, amma ban tambayi mai kaya abin da ke ciki ba sai da na ji wari. Mutanenmu ba sa ajiye abu a wuri biyu, kuma ba za su faɗa maka ba, don sun ɗauka kwamfuta ba ta mantuwa. Saboda haka duk wadda aka ajiye muku a teburin nan, ku fara tambayar abin da ke cikinta, ku kwafe. Sannan ku zare waya, ku ɗora kanta a inda idonku ke gani, ko da garin nan ya kwana uku ba wuta.