Ragon da Yaya Haladu Ya Mayar

Shekara tara ke nan cif da muka rufe Yaya Haladu, kuma ban taɓa tuna shi da ɓacin rai irin na bana ba.

Yayana ne uwa ɗaya uba ɗaya, duba-gari a nan Wudil. Shi ya yi tsayin daka a kwamitin lafiya har aka hana sayar da sigari kara-kara a bakin makarantu, aka hana busa ta a rumfar tasha. Yana da dalilinsa. Taba ce ta cinye ƙirjin mahaifinmu, mu muka riƙa riƙe masa kwanon kaki.

Ana cikin wannan ja-in-ja, saura kwana uku babbar sallah, sai ga rago har gida, fari sol, ƙaho ya murɗe sau biyu. Wai gaisuwar sallah ce daga wakilin kamfanin taba. Yaya ya kama igiya, ya ja shi a ƙasa ta tsakiyar kasuwar Juma'a, kowa na kallo, ya ɗaure musu abinsu a ƙofar shagon dilansu. Shekarar bai yi layya ba. Ni ce kan gaba wajen yi masa faɗa. Na ce mai da kyauta wulaƙanci ne, a gidan wa aka taɓa yi? Ya ce, "Ladi, in na ci naman nan, da wane bakin zan ce a'a ranar taro?" Sati guda ban gaishe shi ba. Allah ya yafe mini.

Da zai leƙo yau, da baƙin ciki ya mai da shi. Mutanen nan sun dawo, sun kuma ƙara wayo. Ba sa cewa a soke doka. Wai su abokan ci gaba ne, za su gyara rumfar tasha, su raba wa masu tireda lema mai launin kamfaninsu, a dai ba su kujera ɗaya a kwamitin in za a sake duba dokar. Wannan ai ba kura ajiyar nama ne! Mai neman 'ya'yanmu su kama taba shi za a tambaya yadda za a kare su?

Abin da ya fi ƙona mini rai, ɗansa Sadisu ne sakataren kwamitin yanzu, kuma ranar Litinin za su zauna a kan kujerar nan. Shekaranjiya na je gidansa a Dagumawa, na tarar da rago a turke yana cin harawa. Ban tambaya ba, shi ya sunkuyar da kai.

"Gwaggo, kowa a kwamitin an kai masa. Ni kaɗai zan fita zakka?"

Na ce ubanka ma shi kaɗai ya fita. Baki in ya ci, ido sai ya ji kunya, kuma kunyar nan ce suke saye, ba nama suke rabawa ba.

Yaya bai bar gidan sama ba, bai bar mota ba. Ya bar allon gargaɗi a tasha, ya yi tsatsa amma ana karanta shi, ya bar ƙofar makaranta da babu mai miƙa wa yaro karan sigari. Iyakar gadon ke nan, kuma ba zan zuba ido a musanya shi da soye ba.

Jibi Juma'a. Na gaya wa Sadisu, ko ya ja ragon nan da kansa, ko ni in ja shi da wannan gwiwar tawa mai ciwo, ta hanyar da ubansa ya bi.